Godiya ga jama'ar Agege bayan wasan yaranmu na ranar Asabar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sai yau na samu zama in rubuta wannan, don tun ranar Asabar ƙafata ba ta huta ba. Alhamdu lillahi, wasan da muka shirya wa yaran unguwa don tunawa da Stephen Keshi, tsohon kyaftin kuma kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, ya gudana, an tashi lafiya, kuma yaron nan da ya ji ciwo a ka yana gida wajen mahaifiyarsa, yana cin abinci, har ya fara tambayar yaushe za a koma atisaye.

Da shi zan fara, domin shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ana dab da tashi wasan ƙarshe aka bugo kwana, ya yi tsalle ya fitar da ƙwallon da ka, suka yi karo da ɗan gaban ɗaya ƙungiyar, girarsa ta tsage. Kafin in iso wajen, wani bawan Allah mai Keke Napep ya riga ya sauke fasinjojinsa ya shigo har bakin fili. Ya kai mu asibiti cikin ruwan sama, ya jira aka gama ɗinki, ya dawo da mu, na miƙa masa kuɗi ya ce in na sake miƙowa zai yi fushi. Malam, ko sunanka ban tambaya ba saboda ruɗewa. Allah ya biya ka, ya tsare maka abin hawanka. Baban yaron kuma, da na je ba shi haƙuri, shi ya koma yana ba ni. Na gode, Alhaji.

Mutane da dama sun tambaye ni me ya sa Keshi, alhali ga 'yan wasanmu na Arewa. Dalilina shi ne abin da nake gani kullum a fili. In na tara yara ashirin na ce wa zai tsaya baya, sai kowa ya sunkuyar da kai. Duk so suke su ci ƙwallo a ɗauke su a waya. Shi ya sa na so su ji labarin mutumin da ya tsaya a baya, kuma daga bayan nan ya riƙe ƙasa gaba ɗaya.

Nan Legas ya taso da ƙwallonsa, ya yi karatu a St Finbarr's da ke Akoka, ya buga wa ACB, sannan ya tafi New Nigeria Bank ta Benin inda suka ɗauki kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Daga nan sai Abidjan, ya yi Stade da Africa Sports, a 1986 ya tsallaka Beljiyam wajen Lokeren. Shekara ɗaya kawai ya yi Anderlecht ta ɗauke shi, a can ya ci kofin ƙasar sau biyu, ya ci gasar lig a 1991, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa. A wancan lokacin ɗan Najeriya a babbar ƙungiyar Turai abin a ƙirga da yatsu ne. Da ya shiga bai rufe ƙofa ba, yara da yawa ta hannunsa suka samu hanya, har da Nii Lamptey na Ghana.

Ni da idona na gan shi a babban filin wasa na Surulere ina saurayi. Abin da ban manta ba shi ne muryarsa. Kafin ƙwallo ta iso ya riga ya gaya wa kowa inda zai tsaya. Wannan na yi ta nanata wa yaranmu: lamba huɗu da lamba biyar, wato 'yan tsakiyar baya, da baki suke fara tare gida, ƙafa daga baya take zuwa.

Kuma kofin Afirka bai zo masa da sauƙi ba. Kamaru ta doke mu a wasan ƙarshe a 1984, ta sake doke mu a 1988, a 1992 muka zo na uku a Senegal. Sai 1994 a Tunisiya aka doke Zambiya 2 da 1, lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, amma shi ne kyaftin, shi ya ɗaga kofin. Shekara 19 bayan haka ya sake ɗaga shi a matsayin koci a Afirka ta Kudu, da ƙwallon Sunday Mba a ragar Burkina Faso. Wanda ya san baya zai lura da abin da ya yi a 2013: ya damƙa tsakiyar bayansa ga Godfrey Oboabona, ɗan wasan gida daga Sunshine Stars, da Kenneth Omeruo da bai cika shekara 20 ba. Ni a wajena wannan ya fi kofin kansa nuna waye shi. A hannunsa kuma Ahmed Musa ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014. Ya rasu ranar 7 ga Yuni, 2016, shi ya sa muka sa wasan a wannan wata duk da mun san halin daminar Legas.

Saboda haka babbar kyautarmu ta bana ɗan baya muka ba, ba wanda ya fi cin ƙwallo ba. Na ji an ce wasu iyaye sun ɗan yi mamaki. Yaron da ya samu ita yana can ana masa ɗinki, ƙanensa ne ya karɓar masa takalman.

Iyayenmu dattawan unguwa da suka nema mana filin makaranta, Allah ya ƙara girma. Liman ya yi mana sanarwa bayan sallar Juma'a, mun gode. 'Yan uwanmu na kasuwar Mile 12 su suka sayi riguna na ƙungiya huɗu, mahautan Oko-Oba suka kawo ƙwallaye da raga, ban roƙe su ba, labari kawai suka ji. Iyayenmu mata sun dafa shinkafa da wake tun asuba. Maƙwabtanmu Yarabawa sun turo ƙungiyarsu, sun kuma ba mu aron rumfa da kujeru da ruwa ya sauko. Rafali ya yi alƙalancin wasa huɗu a cikin taɓo bai karɓi ko sisi ba. Matasan da suka kwashe ruwan fili da bokiti kuwa, ba don ku ba da ba a buga wasan ƙarshe ba.

Wanda na manta ya yafe mini, kaina ya ɗau zafi ranar. Akwai waya ɗaya da takalmin yaro ƙafa ɗaya da aka tsinta, suna wajen mai shayin bakin makaranta. Atisaye zai ci gaba ranar Talata bayan la'asar, kuma yara bakwai sun riga sun zo sun ce in rubuta su a baya.