Daga Kolon zuwa Frankfurt: awa ɗaya tsakanin sabar wasa da kundin banki

Da la'asar na fito daga Gamescom, kunnuwana na ta amo. Tun 2009 ake wannan baje kolin wasannin kwamfuta a birnin Kolon na Jamus, cikin watan Agusta, a unguwar Deutz da ke ƙetaren kogin Rhine. Jama'a sun yi dafifi gaban manyan alluna, ni kuwa ɓangaren 'yan kasuwa na fi daɗewa, inda masu ba da hayar saba, wato manyan kwamfutocin da ake haɗuwa a kansu a yi wasa ta intanet, suka kafa ƙananan rumfuna. A wata rumfa an nuna layin 'yan wasa masu jiran a haɗa su da abokan karawa. Manhajar takan fara neman wanda ƙwarewarsu ta zo ɗaya, in jira ya yi tsawo sai ta sassauta sharaɗi. A matse da yawa, mutane su gaji su fita. A sassauta da wuri, gwani ya tattake ɗan koyo.

Injiniyan da ke wannan aiki da milisakan yake lissafi, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Sabar da ke sabunta wasa sau 64 a daƙiƙa, ƙasa da milisakan 16 gare ta ta karɓi motsin kowa, ta lissafa, ta mayar da amsa. Shi ya sa ake tura motsi ta hanyar aika saƙo da ake kira UDP: saƙon da ya ɓace ba a sake aiko shi, domin kafin ya iso labarinsa ya tsufa. Ranar ƙaddamar da wasa kuwa, ba nan ake faɗuwa ba, a ƙofar shiga ne. Dubban mutane su danna lokaci guda, saba ta ƙi amsawa, kowace na'ura ta sake bugawa nan take, lodi ya ninka. Maganinsa a sa layi, kuma kowace na'ura ta riƙa ninka lokacin jiranta, da ɗan bambanci tsakaninsu don kada su dawo tare.

A tashar Messe/Deutz na hau jirgin ƙasa na ICE. A 2002 aka buɗe wannan layi, jirgi na kai kilomita 300 a awa, kuma a wurare da dama yana bin gefen babbar hanyar A3, sai ka ga motoci kamar a tsaye suke. Hasken da ke ɗauke da saƙon intanet a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato tafiyar da muke yi a awa guda saƙo zai je ya dawo cikin milisakan biyu ko uku. Wannan na cikin dalilan da suka sa sabobin wasanni da yawa ke zaune a Frankfurt, kusa da mahaɗar intanet ta DE-CIX da aka kafa a 1995.

Muna wuce garin Montabaur ina tunanin kantin cikin wasa, domin ta nan injiniyan wasa ke fara shiga harkar kuɗi. Mutum ya sayi kaya, intanet ya yanke kafin amsa ta iso, ya sake dannawa. In ba a ba kowace buƙata lambarta ta daban da saba za ta gane ta riga ta gani ba, an cire masa kuɗi sau biyu ke nan. Haka kuma ba a goge lamba a rubuta wata a asusun ɗan wasa. Kundi ake buɗewa, kowace shiga da fitarta, kuskure kuma da sabon layi ake gyara shi. Ga ɓarayi: su sayi kaya da katin sata, su sayar da arha, mai kati ya kai kuka banki a maido masa kuɗinsa, asara ta hau kan kamfani. A Oktoban 2019 kamfanin Valve ya hana cinikin sababbin makullan buɗe akwatunan kaya na wasansa CS:GO tsakanin 'yan wasa, bayan ya gano 'yan damfara na amfani da su wajen wanke kuɗi.

Da muka bar tashar filin jirgin sama, dogayen benayen bankunan Frankfurt suka bayyana. A nan Tarayyar Turai ta ajiye AMLA, hukumarta ta yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda ta fara aiki a 2025. Manhajar da bankuna ke bin doka da ita aiki uku take yi: tantance abokin hulɗa, duba sunansa a jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi, da sa ido kan zirga-zirgar kuɗi. Na biyun ne ya fi cin rai. Muhammad, Mohammed da Mohamed suna ɗaya ne da rubutu uku, don haka ba harafi da harafi ake gwadawa ba, maki ake ba kamanni, a haɗa da ranar haihuwa da ƙasa. A sauke ma'auni, ƙararrawar ƙarya ta binne ma'aikata, kuma mutanen kirki ne ake riƙe wa kuɗi. A ɗaga shi, mai laifi ya sulale. A Amurka dole banki ya ba da rahoton tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000, saboda haka masu ɓoyo kan rarraba ta ƙasa da haka. Ƙa'idar manhaja da ke duba ajiya ɗaya ɗaya ba za ta gan su ba, sai wadda ke tara ajiyar kwanaki.

Inda injiniyan da ya baro wasanni ya koma manhajar banki ke tuntuɓe shi ne ajiyar tarihi. A can saƙo ya ɓace a wuce, a nan kuwa shekara biyar ake adana bayanai, kuma mai bincike zai tambayi dalilin da ya sa aka bar wata mu'amala ta wuce bara waccan. Dole a iya nuna wace sigar ƙa'idar manhaja ce ke aiki a ranar, wane jerin takunkumi aka gwada da shi, wa ya rufe ƙararrawar, da me ya rubuta. Wanda ya sauya ma'auni a manhaja bai ajiye tsohon ba, ba shi da amsa.

Magariba ta kawo jiki lokacin da jirgin ya ƙetare kogin Main ya shiga babbar tasha. Na sauka na bi titin Kaiserstrasse zuwa unguwar bankuna, fitilun ofisoshi na kunne har saman benaye.