Yadda na koyi shirya darasi a makarantar kasuwanci ta Harvard

An buɗe makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a 1908, amma salon koyarwar da ya fito da sunanta bai kafu ba sai da Wallace Donham ya zama shugabanta a 1919. Lauya ne, ya saba da yadda ake koyar da shari'a da tsofaffin ƙararraki, ya ga kasuwanci ma a koyar da shi da matsalolin kamfanoni na gaske. A kan haka digirin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci) na shekara 2 yake har yau, labarin kamfani kusan 500 za ka nazarta kafin ka gama.

A shekarar farko mu wajen 90 ne a aji, kowa da sunansa a rubuce a gabansa. Darasi minti 80 ne. Malami na shigowa sai ya kira mutum ɗaya ba zato: "Kai ne shugaban kamfanin nan, me za ka yi?" Kusan rabin makinka daga abin da ka faɗa a aji yake fitowa.

Da farko nakan karanta labarin kamfanin da za a tattauna a aji washegari tun daga sama har ƙasa, ina ja wa komai layi. Gari ya waye kaina cike da bayani, amma ba matsaya. Sai na sake tsari. Na koma farawa da sakin layin farko da na ƙarshe, don in san wa zai yanke hukunci, a kan me, kuma zuwa yaushe. Daga nan sai jadawalin lissafi da ke baya, nan gaskiyar take. In fitar da ribar kowane kaya bayan cire kuɗin yinsa, da adadin da za a sayar kafin a mayar da abin da aka kashe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar riba a takarda kamar kuɗi a hannu. Kamfani na ciniki sosai, amma masu saye sai bayan kwana 90 suke biya, masu kawo masa kaya kuwa cikin kwana 30 suke son nasu. Wannan giɓin na kwana 60 ne ke durƙusar da shi, kuma ciniki na ƙaruwa giɓin na ƙara cin kuɗi.

Kafin in kwanta nakan rubuta matsayata a jimla ɗaya, da hujjoji 3 masu alkaluma. Da safe in kai wa ƴan rukuninmu na tattaunawa, in roƙe su su fara da hujjar da ta fi rauni.