Maƙwabtaka da filin Yankees

Wanda duk ya sauka a kudancin Bronx, a birnin New York, tun kafin ya san sunayen tituna zai san jadawalin wasannin Yankees, ƙungiyar wasan besbol, ko yana so ko ba ya so. Ɗan garinmu da ya sauke ni a ɗakinsa kusa da titi na 161 ne ya koya mini wannan. Ya ce, "Ɗan'uwa, ranar da ake wasa, ko dai ka dawo gida da wuri, ko ka bari sai an watse." Jirgin ƙasa mai lamba 4 yakan cika maƙil da masu hula shuɗiya, River Avenue ya toshe, wurin ajiye mota ya yi tsadar da ba ta misaltuwa. Daga Afrilu har Satumba haka ake yi, domin wasa 81 ƙungiyar ke bugawa a gida duk kaka.

Aikin kai abinci a keke na fara, kuma a nan na gane cewa dubban mutanen nan ba unguwar suke zuwa ba. Daga jirgi sai fili, daga fili sai jirgi. Masu shagunan riga da hula ne ke samu, mu kuwa sai cunkoso.

Tarihin wurin a bakin wani dattijo ɗan Puerto Rico na fara jin sa, maƙwabcinmu da ke zama a bakin ƙofa da rediyonsa. Wannan ginin da nake gani ba shi ne na asali ba. Na asalin a 1923 aka buɗe shi, a tsallaken titi, zamanin Babe Ruth, gwarzon ɗan wasan Yankees, wanda ya buga ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo tun a ranar buɗewa. Ba besbol kaɗai aka yi a ciki ba. Ƙungiyar Giants ta ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, a nan ta zauna daga 1956 zuwa 1973, kuma a nan Baltimore Colts suka doke ta a wasan ƙarshe na 1958, wasan da har yau tsofaffi ke labarinsa.

Ni dai besbol bai shiga raina ba, tsayuwa ta yi masa yawa. Abin da ya sa na gyara zama shi ne da ya fara ambaton mutanen da na sani tun ina gida. A filin nan Joe Louis ya kayar da Max Schmeling na Jamus a zagayen farko a 1938. Muhammad Ali ya dambata da Ken Norton a 1976, shekarar da Pele ke taka leda a nan da ƙungiyar Cosmos. A watan Yunin 1990 kuma, 'yan watanni da fitowarsa daga kurkuku, Nelson Mandela ya tsaya gaban jama'a ya sa hular Yankees, ya ce shi ma ɗan Yankee ne. Da na kira baba na ba shi labari, cewa ya yi, "To ashe ba a banza kake biyan kuɗin haya ba."

A 2008 aka rufe tsohon filin, aka buɗe sabon a 2009, aka rushe wancan a 2010. Sabon a kan filin wasan yaran unguwa aka gina shi, Macombs Dam Park, kuma dattijon bai yafe ba, don sai 2012 aka buɗe filayen da suka maye gurbin tsohon ginin. Akwai wani filin ciyawar roba da aka shimfiɗa a saman garejin motoci. Nan nake zuwa ƙwallo da yamma, tare da 'yan Gana, 'yan Gini da 'yan Gambiya, kuma nan na samu wanda ya haɗa ni da aikin tuƙin da nake yi yanzu.

Na shiga filin kansa ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta New York City FC ke wasa, domin tun 2015 suke aron wurin. Ciyawa ake shimfiɗawa a kan jar ƙasar besbol, kana hango sawun ɗinkin daga sama, filin kuma a matse yake har ɗan gefe ya rasa inda zai ruga. Suna gina nasu a Queens, wani sashe na birnin, in sun tashi sai mun sha doguwar tafiyar jirgi kafin mu kalle su.