Zaman ƙauye da bashin gida: yadda muke ƙara wa banki fiye da abin da ya nema

Tun da wasu 'yan uwa suka ji cewa duk wata muna kai wa banki ƙari a kan abin da yake yanka a albashin maigida suke ta tambayata wai mene ne dalili, kuɗi ne suka yi mana yawa ko kuwa? Wallahi ba yawa suka yi ba, mu ma ƙarshen wata da dabara muke kai shi kamar kowa. Bara dai in yi bayanin gaba ɗaya tunda na lura da yawan ma'aikata ana yankar musu kuɗin gida a albashi amma ba su ma san ina kuɗin yake tafiya ba.

Mu a wani ƙauye muke tsakanin Wudil da Gaya, shi maigida malamin gona ne ni kuma ina koyarwa a firamare. Gidan da muke ciki da bashin asusun gidaje na ƙasa muka gina shi, wanda ake cewa NHF. Asusun nan tun 1992 aka kafa shi, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci ana tarawa a bankin gidaje na tarayya wato FMBN, in ka cika sharuɗa sai a ba ka bashi a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, biya kuma yana iya kaiwa shekara 30 gwargwadon abin da ya rage maka a aiki. Babban abin da yake hana mutanen ƙauye samu shi ne takardar fili, don yawancin filayenmu takardar mai unguwa da dagaci kawai gare su, banki kuwa satifiket na gwamnati yake so. Namu filin a bakin titi yake, an yanka shi da takardarsa, shi ya sa aka saurare mu.

A 2019 muka karɓi miliyan 5 za mu biya a shekara 20. Lokacin buhun siminti bai kai dubu uku ba, da kuɗin nan muka tada ɗaki uku da falo muka rufa kwano, filastar waje ce har yau ba a yi ba kuma ba ta dame ni ba. Ana yankar dubu 35 da ɗari takwas da 'yan kai duk wata. Toh ranar da na zauna da takardar jadawalin biyan na bi ta layi layi da biro, a nan hankalina ya tashi, domin a watan farko daga cikin kuɗin nan dubu 25 cif kuɗin ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai dubu 11 ba. In aka bi a hankali har shekara 20 ɗin, abin da za mu biya ya kusa miliyan 8 da dubu ɗari shida, wato ruwan kaɗai ya haura miliyan uku da rabi. Na ce Malam ka ga wannan kuwa? Ya ce ya gani Maman yara, ai haka tsarin yake, ruwan a kan abin da ya rage ake lissafa shi, shi ya sa da farko yake da yawa. Na ce toh in haka ne duk abin da muka rage a uwar kuɗin yau ya daina haihuwa kenan. Daga nan muka fara.

Kuma lissafin ba wuya, in saura shekara 14 a bashi irin wannan ka zuba dubu 100 a kan uwar kuɗi, ka kashe ruwan da ya haura dubu 120 nan gaba, ka kuma matso da ranar gamawa da wajen wata shida. Amma dan Allah duk mai son yi ya kula da abu ɗaya, kar ka tura kuɗi kawai ka koma gida ka kwanta. Ka rubuta takarda ka ce a rage uwar kuɗi ne ba biyan watannin gaba ba, ka karɓi rasit, ka nemi a buga maka sabon jadawali ka ga da idonka cewa adadin ya sauka. Ni ina da wata jakar leda mai zif a ƙasan akwatina, duk rasit ɗin a ciki suke a jere, ko yara ba sa taɓa ta.

To ina muke samun ƙarin? Gaskiya yawancinsa ba daga albashi ba ne, daga tsakar gida ne da gona. Abin da ya fi taimakonmu shi ne ba ma awo. Gero da dawa da masara da wake na shekara daga gonarmu suke fitowa, da kaka ta yi kafin a sayar da ko kwano ɗaya sai na ware na ci, in ƙara buhu biyu a kai saboda baƙi da 'yan uwa, a fitar da zakka, sannan a yi maganar kasuwa. Waken a buhun nan mai leda biyu a ciki nake zuba shi in ɗaure tam, ba magani ba komai, har wata kakar ƙwaro ba ya taɓa shi. Lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha sai in sayi kwando in yanka in shanya a kan rufin kwano in yi kauɗa, kuɓewa ma haka, kuka kuma akwai bishiya a bayan gida, ga zogale ya zagaye katanga, da damina ga yakuwa da alayyafo da kabewa a ɗan lambun da ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Sai ka ga cefanena na rana bai wuce magi da gishiri da albasa da ɗan manja ba, daddawa ma musaya nake yi da wata maƙociyata, in ba ta dusa ta ba ni daddawa.

Gyaɗa kuwa ita ce tawa ni kaɗai. Ina soyawa a kai inji a dawo in matse, man in ajiye na gida in sayar da saura, tunkuzar in yi ƙuli-ƙuli yaran makaranta su saye, harawar kuma ta dabbobi ce. Ba abin da ake zubarwa a gyaɗa. Aikin akwai wahala ba ƙarya, ranar matsa bayana har dare yana ciwo, amma kuɗin ƙulin nan shi nake zuba adashi da shi, kuma duk sanda na ɗauki kwasa ba na bari ta kwana biyu a gida, don in ta kwana sai wata buƙata ta ɓullo.

Sai dabbobi. Bayan Sallah in farashi ya faɗi Malam yana zuwa kara a Wudil ranar Juma'a ya sayo 'yan raguna ƙanana guda biyu ko uku, mu yi ta ba su harawa da dusa da kowar wake har Layya ta zagayo, ɗaya namu sauran a kai kasuwa, kuɗin kai tsaye banki. Wannan shi ne babban zubinmu na shekara. Kaji da zabbi kuma su ne na ƙananan buƙatu, littafin yaro, maganin tari, kuɗin niƙa. Kajin dai sai da rigakafi kafin sanyi ya shigo in ba haka ba ciwon nan na hunturu a sati ɗaya zai share akurki. Kashin dabbobin duka muna tarawa a kai gona a amalanke, ya rage mana sayen kamfa da yuriya, wanda yanzu kowa ya san yadda tsadarsu take karya manomi.

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 mun ji jiki sosai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu. Janareta tun lokacin muka rufe shi da buhu, muka sa 'yar sola mai ƙwai uku da cajin waya da fanka ɗaya. Zuwa Kano da muke yi don ziyara ko sayayya muka mai da shi sai da dalili, in za a je kuma a haɗa buƙatu duka a tafiya ɗaya. A watannin nan akwai lokacin da ƙarin da muke kaiwa bai wuce dubu biyar ba, akwai watan da ba mu kai komai ba, kuma ban ɗauki hakan a matsayin gazawa ba, abinci da lafiya suna gaba da bashi. Ina da kuɗin ko-ta-kwana daban da ba na taɓawa, musamman saboda zazzaɓin damina, tunda ba amfani ka kai wa banki kuɗi yau gobe yaro ya kwanta ka tafi rance wajen mai shago. Da aka yi ƙarin albashi a ƙarshen 2024 bayan mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 a ƙasa, sai muka raba ƙarin biyu, rabi cefane ya cinye rabi muka ɗora a kan bashin.

Inda abin ya fi yi mini nauyi ba ci da sha ba ne, biki ne. Na daina yin anko, kuma a dangi irin namu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ina zuwa biki da atamfata wankakkiya, in yi aiki tun daga gyaran shinkafa har wanke tukwane, in ba da gudummawata daidai ƙarfina, amma sabon zani duk wata saboda auren 'yar wance na ce a yi mini haƙuri. Da farko an yi ta ƙananan maganganu har ta kai kunnen Inna, surukata, ta kira ni ta ce 'yar nan me nake ji? Na durƙusa na yi mata bayani tiryan tiryan, na ce Inna so muke gidan ɗanki ya zama nasa tun yana da ƙarfi. Ta yi shiru can ta ce Allah ya yi muku albarka, ki ci gaba. Amma fa akwai abin da ba ma taɓawa ko me ake ciki, hatsin Inna da na iyayena, duba mara lafiya, gaisuwar mutuwa, kwanon abincin almajiri. In biyan bashi zai sa mu yanke zumunci toh gara a kai shekara 20 ɗin.

Yayana da yake kasuwanci a Dawanau shi ne ya fi kowa adawa da tsarin nan, kuma maganarsa ba shirme ba ce. Cewa yake ƙanwata ku fa 'yan boko ne amma ba ku iya lissafi ba, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa suna ba da bashi a kan kusan kashi 30, ku kuna da na kashi 6 kuna gudunsa? Dubu 35 ɗin 2019 ai ba ita ce ta yau ba, ku bar bashin naira ta cinye shi da kanta, kuɗin ragunan ku sayi masara da kaka ku ajiye zuwa bazara ku ga riba. A takarda ya fi ni gaskiya, na yarda, duk wanda ya ajiye hatsi a 2023 ya sayar a 2024 ya samu abin da bashin nan ba zai tanada masa ba. Sai dai a 2025 kowa ya ga yadda farashin hatsi ya rikito, mutane da yawa da suka cika sito suka sayar ƙasa da yadda suka saya, wasu ma da kuɗin rance suka saya. Shi ɗan kasuwa ne in ya faɗi bana zai tashi baɗi, mu kuwa raguna biyu ne jarinmu. Abin da na zuba a kan uwar kuɗi ba ya dawowa baya, ba ƙwaro ba gobara ba faɗuwar kasuwa.

Kuma ni dalilina ya wuce riba da faɗuwa. Kuɗin ruwa ne, mun sani, ko da kashi 6 ne sunansa ruwa, lalurar haya da yara ce ta kai mu, kuma tun ranar da muka sa hannu zuciyata ba ta taɓa sakewa da shi ba, ina neman gafarar Allah ina kuma son mu fita da wuri iyakar iyawarmu. Duk wata da muka rage wata ne da ba za mu biya ruwa ba. Sannan duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen jana'iza ya ji ana cigiyar masu bin mamaci bashi kafin a sallace shi, kuma hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ba na son in Allah ya ɗauki ran ɗayanmu a bar ɗayan da yara da takardar gida a hannun banki. Ga ritaya tana tafe, kowa ya san yadda tsofaffin ma'aikata suke jiran haƙƙinsu shekara da shekaru, ina so ranar da Malam zai ajiye aiki ya zama satifiket ɗin filin nan ya daɗe da dawowa akwatinmu.

Yayan nawa har yanzu bai gamsu ba, duk zuwansa sai ya tada maganar, ni ma ban canja ba, sai dai bana na ba shi buhun wake biyu ya juya mini a kasuwa don kar ya ce na ƙi jin shawara gaba ɗaya. Yanzu dai muna jiran a gama sussukar dawa mu ga abin da ya rage bayan na ci da zakka, kuma akwai tunkiya ɗaya da take dab da haihuwa, in ta sauka lafiya in sha Allahu ɗan nata yana cikin lissafin zubin baɗi. Filastar waje kuma Malam ya ce a bar ta sai bashin ya sauko ƙasa da miliyan biyu, na ce na yarda amma a toshe tsagar da take bangon gabas kafin ruwan farko.