Kafin ka nemi kuɗin ƙarin RAM, gano wa ya kashe manhajar

Da zarar manhajar kasuwanci ta faɗi aka ce memori ya ƙare, abu biyu ake gaggawar yi: a kashe sabar a sake kunnawa, sannan a rubuta wa oga takardar neman kuɗin ƙarin RAM. Ni tambayar da nake fara yi ita ce, wa ya kashe ta? Mutuwar iri biyu ce, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayar.

Ina kula da sabar wani kamfanin sari a Kano, masu raba kayan masarufi ga 'yan kasuwa. Manhajarsu ta lissafin kaya da bashi da Java aka rubuta ta, tana gudana a kan Tomcat, manhajar da ke karɓar buƙatun shafin, cikin Linux, rumbun bayanan kuma PostgreSQL ne, duk a na'ura guda mai gigabait 8. Kowane ƙarshen wata, daidai lokacin da akanta ke son rufe littafi, sai shafin ya fara jan ƙafa, can kuma ya tsaya cak. Dillalai na tsaye suna jiran rasit, yaran kanti sun koma takarda da biro. Wannan yana damuna ƙwarai, domin abincin mutane ne ya tsaya.

Mutuwa ta farko, Java ce da kanta take cewa ta gaza. Kason memorin da aka yanka mata, wanda ake kira heap, ya cika. Idan ka buɗe catalina.out, fayil ɗin da Tomcat ke rubuta abin da ke faruwa, za ka tarar da java.lang.OutOfMemoryError: Java heap space, kuma sau da yawa manhajar tana nan da rai, sai dai ba ta iya amsa kowa. Ta biyu kuwa, Linux ne ke ganin na'urar baki ɗaya ta shaƙe, sai ya zaɓi wanda ya fi kowa cin memori ya kashe shi nan take. A nan catalina.out ba zai ce maka komai ba, rubutun kawai zai yanke. Sai ka duba saƙonnin Linux da umarnin dmesg -T kafin ka ga layin Out of memory: Killed process. Idan cikin Docker ne, lambar fita 137 za ka gani, wato 128 da 9, alamar an yi masa SIGKILL, umarnin kisa nan take mai lamba 9.

Wanda ya tarar da ta biyu ya je ya ƙara -Xmx, wato iyakar girman heap, ya ƙara wa kansa matsala. Java tana cin memori a wajen heap: akwai Metaspace, inda take ajiye bayanan tsarin manhajar, tun Java 8, kowane zaren aiki (thread, mai kula da buƙata guda) yana iya riƙe har megabait 1, Tomcat kuma yana buɗe zare har 200 idan ba a canza masa ba. Ga PostgreSQL na jiran nasa rabon. Af, kada layin free a sakamakon umarnin free -h, mai nuna yawan memori, ya tsorata ka. Linux yana aron memorin da ba a amfani da shi don ajiyar fayiloli, ya mayar idan an nema. Layin available shi ne abin dubawa.

Tamu ta farkon ce. Na saka jstat -gcutil, umarnin da ke nuna yanayin heap, ina kallo lokacin da abin ya fara. Ɓangaren O, inda tsofaffin abubuwa ke taruwa, ya manne kusa da 100, lambar FGC, mai ƙirga sau nawa aka share heap gaba ɗaya, kuma tana ta hawa. Mai kwashe sharar Java, wanda ke zubar da abin da aka gama amfani da shi a memori, yana ta aiki ba hutu, amma babu abin da zai iya zubarwa, domin akwai mai riƙe da kayan. Shi ya sa shafin ke jan ƙafa kafin ya tsaya.

Sake kunna sabar yana share duk wata shaida. Don haka na ƙara -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError da -XX:HeapDumpPath, don Java ta juye abin da ke cikin heap a fayil idan ya cika, na tabbatar faifan yana da wuri, tunda fayil ɗin yakan kai girman heap ɗin kansa. Da wata ya sake ƙarewa abin ya maimaitu, na buɗe fayil ɗin da manhajar bincike Eclipse MAT na duba dominator tree, jerin abubuwan da suka fi riƙe memori. A sama akwai XSSFWorkbook na Apache POI, abin da Java ke haɗa takardar Excel da shi, ba ɗaya ba, da yawa, kowanne da zaren Tomcat ɗinsa.

Ashe rahoton ciniki ne. Akanta yakan zaɓi shekara guda cur ya danna a fitar masa da Excel. XSSF yana gina takardar gaba ɗaya cikin memori kafin ya aika ko da layi ɗaya. Direban JDBC na PostgreSQL, mai haɗa Java da rumbun bayanan, shi ma yana kwaso dukkan sakamakon tambaya lokaci guda, sai fa an kashe autocommit an saka setFetchSize don ya riƙa kwasowa kaɗan-kaɗan. Idan rahoton ya jinkirta, bawan Allah sai ya sake dannawa, alhali na farko bai daina aiki ba. Ban ga laifinsa ba, babu abin da shafin ya nuna masa cewa ana kan aiki.

Wannan ba yoyon memori ba ne, ambaliya ce ta lokaci guda, kuma bambancin yana da muhimmanci. A yoyo, bayan kowace shara matakin da ake sauka yana ɗan ɗagawa kullum, kamar sito da ake ta shigo da kaya ba a fitarwa. Faɗaɗa shi ranar cikarsa kawai zai jinkirta. A ambaliya kuwa, komai lafiya lau har sai an taɓa maɓalli guda.

Mai rubuta manhajar ya koma SXSSFWorkbook, wanda ke riƙe layi 100 kacal a memori ya zuba sauran a fayil na wucin gadi, tare da kiran dispose a ƙarshe don kada fayilolin su cika faifai. Ya saka setFetchSize, ya sa maɓallin ya kulle bayan dannawa ɗaya. Ba mu sayi RAM ba.

Fayil ɗin heap kuwa, a kula da shi. Cikinsa akwai sunayen kwastomomi, lambobin waya da bashin kowa a fili, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su. Ban tura shi ta WhatsApp ba, ban ɗora shi a wani shafin bincike na intanet ba. A kwamfutar ofis muka duba shi, muna gamawa na goge.