Wata shida a kamfanin casar shinkafa

Makon jiya ƙanwata ta dawo daga makaranta da takardun neman gurbin IT, wato koyon aiki a ma'aikata da ake tura ɗalibai, guda uku, kowacce da hatimin sashensu. Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida, kawunmu da ya zo gaishe da Hajiya ya ce ta ba shi ɗaya. Yana da aboki mai ofis, zai karɓe ta, ba sai ta riƙa zuwa kullum ba, ƙarshen wata ta kai littafi a sa hannu a buga hatimi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, tausayinta yake ji, ga kuɗin mota ga zafin rana. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Yaya, me ka gani?" Ban iya ja da maganar kawu a gaban Hajiya ba, sai na ce a bari mu kwana tukuna. Abin da na gaya mata washegari shi nake son rubutawa, domin na san ba a gidanmu kaɗai ake wannan shawarar ba.

Abin da ɗalibai ke kira IT, sunansa a hukumance SIWES. Hukumar ITF ta horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, ita ta ɓullo da shi a 1973, saboda masu masana'antu sun yi ta kukan cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san karatu amma hannunsu bai taɓa inji ba. Ɗan jami'a yakan yi wata shida, ɗan poli kuma wata huɗu bayan shekararsa ta farko. Wato tun asali an ƙirƙiro shi ne don a fitar da ɗalibi daga aji a tsayar da shi gaban aiki. Wanda ya kai littafi ofishin abokin kawu aka buga masa hatimi ya samu maki, amma abin da aka ware watannin dominsa ya wuce shi, kuma ba a sake ware masa wasu.

Ni na yi nawa a 2019, ina aji huɗu a sashen kimiyyar abinci. Na fara yawon neman wuri tun saura wata biyu, domin waɗanda suka gabace mu sun gaya mana idan ka bari sai an yi hutu, za ka tarar ko'ina ya cika. Na bi Bompai, na bi Sharaɗa, na bi Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, da fayil a hammata. Wurare da yawa a bakin ƙofa aka karɓi takardar, ban sake jin ɗuriyarta ba. Inda na dace shi ne wani kamfanin casar shinkafa da na koma sau uku. A zuwa na uku mai gadi ya gane ni, ya ce in jira, mai kula da ɗakin gwaji na fitowa sallar azahar. Na tare ta da sallama, na gaya mata abin da nake karanta da abin da nake son koya. Ta ce in zo ranar Litinin da takalmi rufaffe. Zuwa da kai ya fi saƙo, wannan kam na gani da idona.

Makonni biyu na farko ba abin da na yi sai wanke kwanukan samfur da rubuta lambobi a babban littafi. A nan yawancin ɗalibai ke karaya. Mu huɗu aka ɗauka, kafin wata ya cika biyu sun koma zuwa sau ɗaya a mako. Ba na ganin laifin ma'aikata da suke jinkirin sakar wa baƙo aiki, domin duk shekara ana kawo musu yara, sun ga masu zuwa su zauna da waya har a tashi, dole su tsaya su ga wane iri ne kai.

Aikin farko na gaske da aka ba ni shi ne auna damshin shanshera idan mota ta shigo. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kamfani da awo yake saye, idan shinkafa ta zo da ruwa a jikinta, ruwan ma an biya kuɗinsa. Sannan idan aka jibge ta a sito tana da damshi, sai ta ɗau zafi, ta yi fumfuna, ƙwayar ta yi rawaya. Abin da ake so shi ne ta sauko wajen kashi 14 cikin 100. Akwai ɗan injin da ake zuba samfur a ciki, a murƙushe, ya nuna lamba.

Wata rana da safe wata tirela ta shigo, na ɗebi samfur daga buhunan da ke sama ta bayan mota, inji ya nuna lamba mai kyau, na rubuta. Akwai wani dattijo da ke kula da ɓangaren turara shinkafa, kowa Baba yake ce masa. Yana wucewa lokacin da ’yan dako suka kai tsakiyar lodin, sai ya sa hannu a wani buhu da ya yage, ya ɗauki ƙwaya ya sa a haƙori. Ya kira ni ya ce, "Ɗan makaranta, zo ka ciji wannan." Na ciza, ban ji ta ce ƙas ba, laushi na ji. Ya ce, "Na sama sun sha rana da iska a hanya, kuma mai kaya ya san inda ake ɗiba. Ka soka a tsakiya, ka soka a ƙasa, ka haɗa, sannan ka ba injinka." Da na sake aunawa, lambar ta haura sosai. Na tafi wurin shugabata da kaina na gaya mata na yi kuskure kafin a rubuta takardar biya. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa na sake ɗibar samfur daga wurare goma a gabanta. A aji an koya mana cewa samfur dole ya wakilci dukkan kaya, na ma rubuta shi a jarrabawa na ci, amma sai ranar na san abin da jimlar ke nufi.

Daga nan na maƙale wa Baba. Bai yi boko mai nisa ba, amma shekarunsa a kan shinkafa sun fi shekaruna na haihuwa. Idan an tashi cin abinci sai in je in zauna kusa da shi a gindin tankunan jiƙo. Shi ya nuna min yadda ake jiƙa shanshera a ruwan ɗumi na awanni, ya ce idan ruwan ya yi zafi da yawa ƙwaya takan fashe, idan kuma ya huce aka bar ta ta daɗe, sai ta yi tsami, warin ba ya fita ko an cashe. Bayan jiƙo a sakar mata tururi, sannan a kai ta busarwa. A busarwar ne ya fi tsanantawa. Ba ya yarda a busar da ita a tashi ɗaya. Sai an sauke damshin zuwa wani mataki, a bar ta ta huta, sannan a ƙarasa. Ya ce idan ka matsa mata, bayanta ya bushe cikinta da ruwa, sai ta tsage, a injin casa kuma ta kakkarye, buhun da ya kamata ya fito da doguwar ƙwaya ya fito da gutsattsari. Da na koma gida na buɗe littafin karatuna, na tarar da bayanin nan daidai, da zane da lissafi. Matan Kura masu gumi a tukunya ma haka suke yi, su shanya a rana, su tara a inuwa ta huce.

Ta wurinsa na san cewa a kowane kilo 100 na shanshera, wajen kilo 20 ɓuntu ne, kuma ba a zubar da shi, shi ake ƙonawa a tukunyar da ke ba da tururi. Dusar kuma masu kiwo ke layi a kanta.

A watan Agusta na shekarar aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar waje ta yi wuya, aiki ya ninku a kamfanin. Motoci daga Kebbi da Jigawa da Taraba suka riƙa kwana a layi. Hannu ya yi kaɗan a ɗakin gwaji, sai aka sakar min awon damshi gaba ɗaya da lissafin karyayyar ƙwaya a kowane zubi. Da a ce ina cikin masu zuwa sau ɗaya a mako, ba wanda zai tuna da ni a lokacin.

Sai maganar logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum a sa masa hannu. Na gaya wa ƙanwata ta sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu, ta riƙa rubuta abin da ta gani nan take: sunan inji, lambar da ta karanta, tambayar da ba ta samu amsarta ba. Da dare ta kwafe a logbuk, ƙarshen mako ta kai a sa hannu. Wanda ya tara na wata uku ya zauna cikewa a dare ɗaya, duk shafukansa iri ɗaya suke fitowa, malamai kuma sun san wannan. Malamin da makaranta za ta turo dubawa ba lallai ya sanar da ranar zuwansa ba. Ranar kare rahoto a gaban malaman sashe, tambayar da aka yi min ita ce me ya sa ake barin shinkafa ta huta a tsakiyar busarwa. Muryar Baba na ji a kunnena ina amsawa. Na ce wa ƙanwata ta kuma kula da fom ɗin da ake cikewa a farko da Fom 8 na ƙarshe, kada ta bar wurin ba a sa musu hannu da hatimi ba, domin komawa neman sa hannu bayan an tafi wahala ce.

Akwai abin da na ja mata kunne a kai wanda ni ba a ja min ba, domin ni namiji ne. Idan wurin da ta samu akwai injina masu bel da ke juyawa, kada ta kusance su da dogon hijabi yana lilo. Ta samu gajere, ta cusa shi cikin rigar aiki. Ta sa takalmi rufaffe, ta sa takunkumi inda ake ƙura. Ta nemi izini kafin ta ɗauki hoton komai, domin wasu kamfanonin ba sa so. Idan wani ya fara yi mata maganar da ba ta aiki ba, kada ta yi shiru, ta gaya wa shugabarta, ta gaya min. Kuma ta roƙa a zagaya da ita sassa daban-daban, kada ta ƙare wata shida a kan teburi ɗaya.

Ta ce, "Yaya, kuɗin adaidaita fa? Kullum zuwa da dawowa." Gaskiyarta ne, ni ma sai da na haɗa da tafiyar ƙasa daga bakin titi zuwa ƙofar kamfani don in rage. Na ce mata wannan ni zan ɗauka, daga albashin aikin da nake yi yanzu, wanda takardar shaidar da shugabar ɗakin gwajin nan ta rubuta min tana cikin abin da ya sa aka kira ni ganawa.

Na je na samu kawu a gidansa na yi masa godiya, na ba shi haƙuri, na gaya masa dalilina. Ya ce Allah ya yi albarka, in dai zan tsaya mata. Ƙananan halittu take karanta, don haka mun rubuta wurare biyar masu ɗakin gwaji na gaske: kamfanin ruwan roba biyu, na madara ɗaya, da asibitoci biyu. Ranar Litinin da ƙarfe takwas za mu fara da na Sharaɗa, zan tsaya a bakin ƙofa, ita za ta shiga ta yi magana da bakinta.