Sana'ar zagayawa da baƙi a Ƙurɗuba

Ƙaramin kamfani gare mu a kudancin Sifaniya, ni da mai ɗakina da wata 'yar ƙasa da ke da lasisin jagorancin baƙi. Aikinmu shi ne zagayawa da mutane a ƙasa cikin tsohon birnin Ƙurɗuba, wanda masu garin ke kira Kordoba. Ba mota gare mu ba, ba kuma ofis. Jarinmu waya ce, da na'urorin kunne da muke haya don kowa ya ji bayani ba tare da an ɗaga murya ba, sai takalma masu taushi. Mai ɗakina ke riƙe da lissafi da sayen tikiti, ni ke tarbar baƙi ina fassara zuwa Hausa, abokiyar aikinmu kuma ita ke bayani a cikin babban ginin garin, tsohon masallacin nan da ya koma majami'a, don a can ba kowa aka yarje wa ba. Gwamnatin yankin Andalus ce ke ba da lasisin jagora, hukumar majami'ar ma tana da nata izinin daban.

Yawancin baƙinmu 'yan gida ne mazauna Turai: likitoci da ɗalibai daga Ingila, 'yan Nijar daga Faransa da Beljiyom, 'yan zango na Gana daga Jamus da Italiya. Wani lokaci kuma iyaye ne da suka zo bikin kammala karatun ɗa, aka ce a nuna musu Andalus kafin su koma. Kusan kowa da rana ɗaya yake zuwa, don jirgin ƙasa mai gudu daga Madrid bai kai awa biyu ba, daga Malaga kamar awa ɗaya, daga Sebiya bai ma kai haka ba. Kuma kusan kowa abu ɗaya ne ya kawo shi, wato masallacin Ƙurɗuba da ya sha gani a hoto.

To, a nan ne wuyar sana'ar take. Ginin da suke kira masallaci babbar majami'ar Katolika ce ta birnin, tun shekarar 1236 da sarki Fernando na uku ya ci garin. Ana ibadar Kirista a ciki kowace rana, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla. Masu gadi suna sa ido sosai, wanda ya tsaya ya ɗaga hannu zai yi kabbara, nan take za a zo a taɓa masa kafaɗa. Shi ya sa ba na fara zagaye daga ƙofar ginin. Ina tara mutanena a ƙetaren kogin Gwadalkibir, gindin hasumiyar Kalahora, inda ake hango birnin gaba ɗaya da gadar Rumawa mai baka goma sha shida. A nan nake faɗa musu gaskiya tun da sauran sanyin safiya, kafin kowa ya gaji, kafin kuma ya ga abin da zai taɓa masa zuciya. Wanda zai yi fushi ya yi shi a kan gada, iska na kaɗa shi. Kafin mu kai ɗaya bakin ya huce.

Wani dattijo da 'yarsa ta kawo daga Landan ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara zaman hularsa ya ce, “Yaro, yanzu ko raka'a biyu ba za su bar ni in yi ba?”

Na ce, “Baba, a yi haƙuri. Akwai ƙaramin masallaci a cikin lungunan nan, can za mu yi azahar tare in Allah ya yarda.”

Ya yi shiru, ya ce, “To, a zuci dai ba su da iko.” Muka kama hanya.

Ta farfajiyar itatuwan lemo ake shiga, inda a da ake alwala. Hasumiyar ƙararrawa da ke tsaye a gefe, a cikinta hasumiyar kiran sallar halifa Abdurrahman na uku take, gini aka yi aka lulluɓe ta. Da an tsallaka ƙofa sai duhu ya rufe ido, daga baya ginshiƙai su fara bayyana layi bayan layi, sama da ɗari takwas, da bakuna masu ratsin ja da fari. Na saba in bar mutane minti biyu ko uku ban ce komai ba, don surutun jagora a wannan lokacin ɓata abu yake yi. Sarkin Musulmin Andalus Abdurrahman na ɗaya ne ya fara ginin wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi, har zuwa ƙarin da waziri Almansur ya yi a ƙarshen ƙarni na goma. Abin da na fi son nuna wa baƙi shi ne dabarar magina. Ginshiƙan farko daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka biyo bayansu aka kwaso su, gajeru ne, ba su ma yi daidai da juna ba. Don rufin ya ɗaga sai aka ɗora baka a kan baka, ja na bulo, fari na dutse. Idan akwai magini ko injiniya a cikin tawaga, da ƙyar nake janye shi daga nan.

Gaban mihirabin halifa Alhakam na biyu kuwa kowa ke ciro waya. An yi masa ado da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, aikin gwanayen da aka aiko daga Kustantiniya, ga ayoyi da rubutun Kufi suna nan ana karantawa. Ba a rasa wanda zai buɗe manhajar alƙibla ya ce, “Malam, ai wannan ya karkace.” Gaskiyarsa, mihirabin kudu ya fuskanta, alhali Makka tana gabas da ɗan karkata kudu daga nan. Masana sun yi ta kawo dalilai. Ni dai nakan ce ya mai da wayar aljihu kada mai gadi ya zaci salla zai tayar.

Daga nan sai mu juya mu tarar da majami'a tsaye a tsakiyar ginshiƙan, doguwa mai haske, wadda aka fara ginawa a 1523 zamanin sarki Karlos na biyar. Wasu baƙin hawaye suke yi, wasu su ƙi ko kallo. Ba na hana kowa jin abin da ya ji, amma ina faɗin ra'ayina: ba don an mai da ginin wurin ibadar masu mulki ba, da wuya ya kai yau. A Sebiya rushe babban masallacin aka yi aka gina majami'a a gurbinsa, hasumiya da farfajiya kawai suka tsira. Abokiyar aikinmu kuma takan nuna wani gilashi a daɓe, inda ake ganin burbushin ginin da ya riga masallacin, wanda cocin ke cewa majami'a ce. Har gobe 'yan garin kansu suna jayayya kan wa ya mallaki ginin, musamman tun da cocin ya yi masa rajista da sunansa a 2006. Ba na shiga wannan rigima da baƙi. Ni da zan dawo gobe da wata tawagar, ina bukatar masu gadin nan su amsa gaisuwata.

Bayan an fito, saura tafiyar lungu. Tsohuwar unguwar Yahudawa ƙunci gare ta da kwana-kwana kamar cikin birnin Zariya, sai dai bangon fari ne fat da tukwanen furanni a rataye. Mukan leƙa ƙaramin wurin ibadar Yahudawa na 1315, mu wuce ta gunkin Musa ɗan Maimun, shahararren malamin Yahudawa, mu tsaya a jikin ganuwa wurin na Ibn Rushdi, wanda aka haifa a nan a 1126. Masu karatun zaure a nan suke farkawa. Da na ce Ibn Rushdin nan, mai littafin Bidayatul Mujtahid, ɗan wannan gari ne, kuma Alƙurɗubi mai tafsiri daga nan ya yi hijira zuwa Masar, sai ka ga malami ya manta da ciwon gwiwa ya karɓe bayanin daga hannuna. Nakan bar shi. Malikiyyar da muka tashi a cikinta ita ce mazhabar wannan birni a zamaninsa, kuma ya fi ni sanin wannan.

Abinci sai an yi hattara. Sanannen abincin garin wata miyar tumatir ce mai kauri da ake sha da sanyi, salmoreho, amma bisa al'ada da yankakken naman alade ake yi mata ado a sama. Tun da safe mai ɗakina ke buga waya gidan abinci ta ce a kawo namu da ƙwai kawai. Akwai kuma soyayyen gauta da zuma, wannan ba ya saura a faranti.

Rana ce ke tsara mana shekara. A Yulin 2017 zafi ya kusa digiri 47 a nan, kuma duk bazara sai ya haura 40. Mutanenmu kan ce su 'yan Sakkwato ne ko 'yan Agadas, me rana za ta yi musu, amma a gida ba wanda ke yawon awa huɗu a kan dutse da tsakar rana. A Yuli da Agusta da sassafe muke fita, kafin azahar mun tashi. Watan Mayu ne kakarmu, lokacin bikin tsakar gida, da masu gidaje ke buɗe ƙofa a shiga kallon furanninsu. Abin da muka samu a Afrilu da Mayu da Oktoba shi muke ci a hunturu.

Asararmu kuwa daga tikiti take zuwa. Na tawaga tun da wuri ake sayensa da lokacin shiga a rubuce, in an hana mutum biza ko ya makara jirgi ya tafi, kuɗin sun tafi. Da farko kan amana muke yi, yanzu sai an ba da kafin alƙalami, ko da yayan babana ne. Masu tambayar Madinatuz Zahra, birnin sarautar da Abdurrahman na uku ya gina kimanin kilomita takwas yamma da gari, nakan ce musu su kwana. Ba ta haɗuwa da zagayen birni a yini ɗaya, kuma kuɗinta daban ne, don sai mun ɗauki hayar mota.